Kaji Kawai

Ranar Talata ta biyu a watan Agusta aka tambaye ni ko muna da dabbobi a gida, na ce kaji kawai. Bayan kwana goma sha ɗaya muka binne matata, Keziya.

Sunana Nehemiya. Daga Filato muka zo Gumel muna sabon aure, na koyar da labarin ƙasa shekara talatin da ɗaya, ita kuma tana ɗinki a gida. Na karanta littattafai fiye da yadda suka amfane ni. Babban abin da na ƙware a kai shi ne zama a gari ba tare da an yi magana a kaina ba. Ina gaisuwa da kyau, ina zuwa suna da ta'aziyya, ba na ɗaga rediyo da azumi.

Shekara tara da suka wuce ɓarayi suka haura mana katanga suka ɗauke kan keken ɗinkinta. Sai na samo ɗan kwikwiyo. Na sa masa suna Sufeto, saboda irin waɗanda suka riƙa zuwa duba makarantarmu ne, ga haushi, babu gyara. Na yi masa ɗaki a bayan madafa, inda baƙo ba zai gan shi ba. Babu maƙwabcin da ya taɓa ce mini kada in ajiye kare. Ni na yanke cewa a unguwar da kowa ke alwala sau biyar, Kirista mai kare zai zama abin nuni, kuma ban tambayi kowa ba.

Keziya ba ta so karen ba, amma ita ce ke ba shi abinci. Da damina, in kaska ta cika masa kunne, sai ta zauna a kan turmi da la'asar tana cire su da yatsa, tana jefawa a gwangwanin kalanzir, ni kuma ina kan kujera da littafi.

"Malam, Sufetonka ya sake ɗaukar ma'aikata," in ji ta.

"A rubuta musu takardar sallama."

"Kai ka iya rubutu. Sauko ka sallame su."

Ban taɓa saukowa ba.

Zazzaɓin ya fara ran Juma'a, da ciwon kai wanda ta ce kamar ana daka a bayan idonta. A watan Agusta kowane zazzaɓi na sauro ne, don haka na sayo magani a kemis. Bai yi komai ba. Tana da ciwon suga, shi ya sa ran Talata na kai ta wani ƙaramin asibiti.

Labule ne kawai ya raba ɗakin duba marasa lafiya da bencin jira. A kan bencin akwai Alhaji Bappa, maƙwabcinmu na gida uku, wanda na koyar da 'ya'yansa huɗu. Ya zo awon jini. Muka gaisa, muka shiga.

Jami'in da ya duba ta ba ya gaggawa. Ya ɗaga gefen ɗankwalinta, ya tsaya a bayan kunne. Akwai wani ɗan baƙin ɓawo a wurin, zagaye da ja, kamar an ɗosa mata garwashi.

"Mama, wannan fa?"

"Ƙurji ne, ɗana. Ya ma bushe."

Sai ya juyo wurina. "Baba, kuna da dabbobi a gida? Awaki, tumaki, kare?"

Ina jin tarin Alhaji Bappa ta bayan labule.

"Kaji kawai," na ce.

Keziya ta ɗago ta kalle ni. A shekara talatin da takwas na aurenmu ba ta taɓa ƙaryata ni a gaban mutane ba. Na kau da kai na karanta kalandar da ke jikin bango. Jami'in ya sake duban ɓawon, ya saki ɗankwalin, ya rubuta allurar zazzaɓin sauro da maganin taifod.

Ban sani ba ko da zai gane cutar in na faɗi gaskiya. Na yi wata takwas ina juya wannan. Abin da na sani, ya yi tambayar da ta dace, kuma yana da dalilin yin ta.

Mako guda muka yi muna bin abin da ya rubuta. Ɗigo-ɗigon ja suka fito mata a jiki, har tafin hannu da tafin ƙafa. Ta daina cin abinci. Ran Talata ta gaba ta kira ni da sunan wanta da ya rasu tun muna Filato. Na kira 'yarmu Miriam daga Kano, muka kai ta babban asibiti.

Likitar sunanta Sumayya, ba ta kai Miriam shekaru ba. Ta buɗe tafin hannun Keziya, ta duba ƙafa, sannan ta bi jikin a hankali kamar mai neman allura a tabarma, har ta kai bayan kunne.

"Baba, kaska ta cije ta?"

"Muna da kare," na ce. "Ita ke cire masa su."

"An faɗa wa wanda ya fara duba ta?"

"A'a."

Ta rubuta wani abu. Na jira ta ɗaure fuska, ko ta ja baya kaɗan, abin da na yi shekara tara ina gudu.

"Babana ma yana da karnuka biyu a gona, a Gagarawa," ta ce, ba ta ma ɗago ba. "Sai an riƙa yi musu wanka da magani."

Ta yi mini bayani kamar yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Akwai wata ƙwayar cuta, riketsiya, da kaskar kare ke ɗauka. Tana shiga ta wurin cizon, ta bar baƙin ɓawo, ta bi hanyoyin jini tana lalata su. Gwajin tabbatarwa sai an aika jini nesa, kuma ba a jiransa, in an ga alamun sai a fara magani. Sunan maganin doksisaikilin. Ƙwaya ɗaya safe, ɗaya yamma, kimanin mako guda. In an fara da wuri, zazzaɓin kan sauka cikin kwana biyu.

Na san maganin. Yana nan a kemis ɗin da na je ran Juma'ar farko, a kanta ta biyu, kusa da man zafi.

An fara ba ta a ranar. Amma ƙodarta ta riga ta tsaya, ga suga, ga shekaru. Ran Juma'a da hantsi ta rasu.

Alhaji Bappa ya zauna da ni a ƙofar gida kwana uku, yana karɓar gaisuwa kamar ɗan'uwa. A rana ta uku, da mutane suka ragu, ya ce, "Malam, Sufeto fa? Wa ke ba shi abinci yanzu?"

Na kalle shi.

"In babu, sai in sa a riƙa kawo masa ƙashi daga mahauta. Tun da kuka kawo shi ba a sake haura katanga a layin nan ba."

"Kun san da shi?"

"Malam, kare ne. Haushi yake yi." Ya gyara zama. "Ai da na ji ka ce kaji kawai ran nan, na ɗauka ya mutu ne. Har na so in yi maka jaje."

Yanzu na karanta duk abin da na samu a kan riketsiya. Na san ire-irenta, wadda kaska ke kawowa, da ta ƙuma, da ta ƙwarƙwata. Zan iya koyar da ita zango guda. Sufeto yana nan, na dawo da shi tsakar gida, ina yi masa wanka da magani duk mako biyu, ina cire masa kaska da hantsaki. Miriam ta ce in ba da shi. Ban ga laifin da ya yi ba.

Ran Alhamis, kwana ɗaya kafin ta rasu, hankalin Keziya ya dawo na ɗan lokaci da azahar. Ta gane ni.

"Malam, an ba Sufeto ruwa?"

"An ba shi."

Tun safe na shirya maganar da zan yi mata, na tsara ta kamar darasi. Da na buɗe baki sai na ce an yi ruwa mai yawa a Maigatari, gero zai yi kyau bana. Ta ce madalla, ta rufe ido. Na ce a raina gobe, in ta ƙara samun ƙarfi.

Ga maganar. Keziya, na ga kallon da kika yi mini ran Talatar nan, kuma na gane shi. Na kau da kai ne saboda mutumin da ke kan benci.