Tabarau a Hannun Ɗan Bindiga

Safara'u mai ƙosai ba ta taɓa zaman aji ba sai da leda ta yi tsada. Wata ƙungiya ce ta turo Malam Mas'ud ƙauyensu, can bayan Ketare, da wani tabarau mai kauri. In ka sa shi kana ganin ɗaki da mutane yadda suke, amma sai ga wasu hannuwa na haske a kan naka suna ninke takarda. Ƙirƙirarriyar basira ce a ciki, in ji Malam. Tana bin yatsunka da kallo, in ka karkace ta gyara maka da Hausa. Da shi matan gari ke koyon jakar takarda ta zuba ƙosai da ƙuli.

Ran Laraba da hantsi layi ya zo kanta. Ta kai ninkin gindin jaka ke nan ta ji rurin babura. Kafin ta cire tabarau, 'yan bindiga sun cika filin makaranta.

Malam Mas'ud ya tare ƙofa. "Mata ne kawai a ciki, don Allah..."

Ba su bari ya ƙarasa ba. Harsashi ya same shi a ƙirji, ya faɗi da baya, jini ya jiƙa takardun da ke kan tabarma.

Wani dogo mai rawani ya fizge tabarau har da kallabinta, ya buga mata gindin bindiga a baki. Ta ji haƙori a kan harshenta.

"Da wanga kuke nuna ma soja inda muke?"

"Wallahi takarda muke ninkewa," ta ce, jini na bin haɓarta.

Ya ɗora tabarau a fuskarsa don ya gani da idonsa. Muryar da ke ciki ta ce, "Sannu da zuwa. Miƙo hannuwanka." Sai ga hannuwa ba gangar jiki suna nufo nasa. Ya ƙwalla ƙara, ya saki wuta. Allo ya tarwatse, ɗan'uwansa da ke gefe ya dafe wuya ya zube. Na waje suka zaci 'yan sa-kai ne a ciki, suka buɗe wa ajin wuta.

Safara'u ta kwanta rub da ciki. Kusa da ita maƙwabciyarta Zulaihatu, da tsohon ciki, ta sandare ta kasa motsi. Safara'u ta jawo ta da zane har bakin taga, ta tura ta, ta bi bayanta. Suka yi rarrafe cikin gonar dawa, ƙaya na yagar gwiwoyinsu, har ƙarar ta yi nisa.

Bayan la'asar aka binne Malam Mas'ud da mata uku. 'Yan bindigar sun tafi da wata 'yar ajin, Najiba, da 'yarta, an kora shanu.

Washegari Safara'u ta raka Zulaihatu Kankara a bayan motar hatsi, domin naƙuda ta taso mata. Namiji ta haifa. Da uwar ta ce ta zaɓa masa suna, Safara'u ta kasa buɗe baki don kumburi. Sai ta karɓe shi ta rungume.