Rawayar Malam Bonju

Ina cikin wanke-wanke na ji ana buga bango da cokali, ƙwas-ƙwas. Ɗakinmu da na Malam Bonju bango ɗaya ya raba, kuma tunda muke bai taɓa buga mini shi ba. Na yar da soso, ko hannu ban ɗauraye ba na tura ƙofarsa.

Yana ƙasa tsakanin gado da tebur, ƙafa ɗaya ta naɗe a ƙarƙashinsa. Na yi salati, na yaye labule don in gan shi da kyau.

"Maman Auta, saki labulen nan," ya ce. "Ba ta son haske."

"Baba, kana kwance a ƙasa kana ta tata?"

Tsohon malamin Faransanci ne da ya yi ritaya. Matarsa ta rasu, ɗansa ɗaya tilo yana wata ƙasa. Yaran layinmu suka sa masa Malam Bonju, don gaisuwar da yake musu ke nan. Ita kuwa marar son hasken, wata aba ce rawaya da yake kiwo cikin roba mai murfi, kan takarda mai laima, Rawaya muke ce mata. Sai ka ce ƙwai aka fasa ya bazu ya yi jijiyoyi. Ba baki, ba ido, ba ƙafa. Amma in ya ajiye mata ɓarzajjen hatsi a wancan gefe da safe, kafin la'asar ta miƙa ta lulluɓe shi.

Ran da na fara ganinta na ce, "Wannan ai fumfuna ce, kawo in wanke maka robar."

Ya ce ba fumfuna ba ce, ba dabba ba, ba tsiro ba.

"To aljana ce?"

Ya yi dariya har da tari. "Halittar Allah ce, kamar ni da ke."

Daga nan na kama bakina.

Duk Asabar yakan jera ƙananan kujeru, yara su cika ɗakin. Su yanka roba su yi wa Rawaya hanyoyi masu kwana-kwana, su ɓoye hatsi a ƙarshe, su yi ta musun ta ina za ta bi. Ba a magana sai da Faransanci. Ta bango nake jiyo shi, "Dusma, dusma." Autata ta ce a hankali yake nufi. Sannu-sannu yaran suka watse, wasu sun tashi daga unguwa, wasu ƙwallo ta ɗauke su. Saura Auta kaɗai. Amma kujerun duka yake jerawa.

Ran da ya faɗin nan, na kira baban Auta, wato maigidana, muka ɗaga shi kan gado. Bai fi nauyin buhun gawayi ba. Maigidan ya ce bari ya nemo mota, tsoho ya ce ba inda za shi.

"Kullum sai an sauya mata takarda. In na tafi, yunwa za ta kashe ta, ko ta ruɓe. Ku bari in kwantar da ita tukuna."

"Kwantarwa kuma?"

Ya ce a mayar da ita kan busasshiyar takarda, a daina ba ta abinci, a karkace murfin, a bar ta cikin duhu kwana biyu-uku. Za ta dunƙule ta bushe ta yi barci. Ko an daɗe, in aka ɗiga mata ruwa sai ta farka. Haka ya yi ta yi da ita tun yana aiki.

"Kwana biyu-ukun ne ba ka da su, Baba. Tashi mu tafi. Ni zan kwantar maka."

Ya dube ni. "Ke da kike toshe hanci?"

"Na wanke kashin yara nawa, wannan ce za ta gagare ni?"

Da haka muka samu ya shiga mota.

Washegari bayan sallar asuba na shiga ɗakinsa da busasshiyar takarda a hannu. Na buɗe robar. Ga ta ta miƙo yatsu har bakin murfi tana neman abinci. Na tsaya. Ni ban taɓa hana mai rai abinci ba, kuma raina ya ba ni in na kwantar da ita, kamar na ce ba zai dawo ba ke nan. Na yi bisimilla na jiƙa takardar, na barbaɗa mata hatsi.

A asibiti an sa masa robar iska a hanci. Gadon kusa da shi dangi sun yi dafifi, har zama babu. Nasa ni ce, sai Auta in ta taso makaranta.

"Kin kwantar da ita?"

"Ban kwantar ba. Ci take kamar gara. Ka dawo ka kwantar da abarka."

"Kai, Maman Auta, taurin kai."

"A wajenka na koya."

Ya rufe ido yana murmushi. Can ya ce wa Auta wani abu da Faransanci, ta amsa masa, ya gyara mata, ta sake faɗa. A hanya na tambaye ta. Ta ce tambayarta ya yi, in aka yanka Rawaya biyu aka nisanta su, me zai faru. Amsar ita ce kowacce za ta yi ta miƙawa har su haɗu su koma ɗaya.

Na kira ɗansa a waya. Ya ce yana neman hutu a wajen aiki, in Allah ya yarda ƙarshen wata. Na ce masa ƙarshen wata ya yi nisa. Ya ce, "Ina ƙoƙari, Mama." Na kara wa tsoho wayar a kunne, amma barci yake.

Washegari da hantsi tsoho ya cika, ina gefensa ina masa kalmar shahada. Maigidana da maza kaɗan na layinmu suka kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ran Asabar ina shanya na ji jan kujeru ta bango. Na leƙa. Auta ce, ta jera su duka, ta zauna a tata ta gaba da robar a cinya.

"Mama, ba wanda zai zo ko?"

"Ga ni na zo. Miƙo takardar can, busasshiyar."

Muka ɗauke Rawaya da cokali muka ɗora ta. Auta ta ɗebo hatsi, na riƙe hannunta, ta mayar cikin gwangwani.

"Dusma," ta ce mini, da na zo rufewa.

Na karkace murfin kamar yadda ya ce, na ajiye robar a ƙarƙashin teburinsa, kusa da takalmansa. Na saki labulen. Muka zauna a ƙananan kujerun, gwiwoyina har ƙirji, har aka kira azahar.