Tsiron da Muksam Ya Bari

Buhu ɗaya Muksam ya bari. Tsiron tamba ne, na gonarmu ta gangare. Shi ya jiƙa, shi ya rufe da ganyen ayaba har ya fito, shi ya busar a saman murhu. Ya ɗaure bakin buhun, ya ce sai ya dawo daga garin Phidim zai dafa. Ƙasa ta zaftare wa motarsu a hanya. Shi ke nan ɗan da nake da shi.

Shekara ta kusa zagayowa. Dangi za su taru, a zuba wa mamaci giya, a sallame shi. Na ce giyar da za a zuba masa ta tsironsa ce, kuma a tukwanensa za a dafa.

Tukwanen daga birnin Bangalore na Indiya ya zo da su, inda ya yi aiki a gidan giya. Na ƙarfe ne, masu ƙyalli. Babbar tana da rariya a ƙasa. Ƙaramin inji yana jan ruwan tsiro da tiyo ta ƙarƙashin rariyar, ya bi da shi ta wani bututu mai hita a ciki, ya dawo da shi ta sama. Haka ruwan zai yi ta zagaye har ya yi zaƙi. Marigayiya uwarsa ba ta taɓa neman komai ba sai tukunya da wuta da haƙuri. Na sha gaya masa, giyar da sai an yi mata ƙarin ruwa kamar mara lafiya a asibiti ba giya ba ce. Gurnanin injin kuwa, na sha buga masa bango a kansa.

Da hantsi na share ɗakin. Na tarar da wani buhun ɓuntun shinkafa jingine da buhun tsiron. Na ce shara ce. Na kai garken alade na zazzage.

Pabitra, matarsa, ta zo bakin ƙofa, mayafi a ka.

"Baba, ko in kama muku?"

"Ɗana ne. Je ki ga awaki."

Ta tafi. Ba ta yi nisa ba.

Birkha maƙwabcina ya shigo ba sallama, kamar kullum. Tare muka yi kiwo muna yara. Ya zauna a kan turmi.

"Jitman, kai da ko rediyo sai an kama maka tasha?"

"In kallo ka zo, yi da ido."

Na ɗumama ruwa, na juye tsiron da na ɓarza, na motsa. Ƙamshin ya tashi. Ƙamshin rigar Muksam ne. Na juya wa Birkha baya, na danna makunni.

Injin ya yi kuka, ruwa bai fito ba.

"Tari yake yi," in ji Birkha. "Ba shi citta."

Daga waje Pabitra ta yi magana, kamar da awaki take yi. "Iska ce a ciki. In an sauke tiyon ƙasa aka bari ya cika, yana ja."

Na sauke tiyon. Ruwa ya taho, fari kamar kunu. Na dubi kan famfon da ke bakin injin, na ga a rabi yake. Na ce wannan rowa ce. Na buɗe shi gaba ɗaya.

Ruwa ya yi gudu, na ji daɗi. Can sai ya rage. Ya koma kamar zare. Ya tsaya. Tiyon ya shafe kamar hanjin da aka wanke. Na sa hannu a kan tsiron, na ji ya daskare kamar daɓe. Na bubbuga tukunyar. Na girgiza tiyon. Sai ƙauri.

Pabitra ta faɗo ɗakin. Ba ta nemi izini ba. Ta ture hannuna, ta kashe hita, sannan ta kashe inji. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. Ran nan ta haɗa.

"Kun ƙona shi, Baba."

Birkha ya daina dariya.

"Duka?" na ce.

"Ban sani ba tukuna. Ina ɓuntun?"

"Wane ɓuntu?"

"Buhun da ke nan. Tamba ba ta da ƙaiƙayin kirki. In ba a gauraya ta da ɓuntu ba, sai ta kwanta a kan rariya ta toshe. Ruwa ya tsaya, hita na ci, abin da ke cikin bututu ya ƙone. Ɗanku shi ya sayo buhun, ya ajiye su tare."

"Yana ƙarƙashin alade," na ce.

Ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da mayafi. Ba ta yi ƙara ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Injin casar shinkafa yana can ƙasa a bakin kogi. Kafin mutum ya je ya dawo, tsiron ya huce ya yi tsami. Wani buhun tsiron kuwa babu. Akwai tamba a rumbu, amma ba hannun ɗana ya taɓa ta ba.

Birkha ya miƙe ya fita. Na ɗauka gudu ya yi. Sai ga shi da matashin kansa a hammata, baƙi ƙirin da dauɗa. Ya zaro wuƙarsa ya farke shi. Ɓuntu ya zubo.

"Matashin da kake shirya ƙarya a kansa?" na ce. "Giyar za ta yi warin kanka."

"Kan nan ya fi naka amfani yau. 'Yar nan, tashi. Wanke shi da tafasasshen ruwa, ba ni da ƙwarƙwata."

Ta tashi. Ta wanke, ta sake wankewa, har ruwan ya fita tas. Ta kwance bututun. Ƙanzo ya kama hitar, baƙi. Ta zubar da ruwan da ke ciki, ta miƙo mini ƙarfen da soso.

"Ku kankare, Baba. Kada ku bar ko ɗigo."

Na kankare. Ni da ba a aike na, na zauna a ƙasa ina kankara. Ita ta zuba ɓuntun, ta ƙara ruwan zafi, ta sa muciya ta ɗaga tsiron tun daga rariya. Ta ce a bar shi ya kwanta da kansa. Muka bari. Ta haɗa bututu, ta cika tiyo, ta kunna inji. Ta kama hannuna ta ɗora a kan famfon.

"Kaɗan. Ƙara kaɗan. Tsaya nan."

Wurin da na same shi da safe ne. Inda Muksam ya bar shi.

Ruwa ya taho siriri. Bai tsaya ba. Sai da ta ga yana tafiya sannan ta kunna hita. Farin ya fara washewa, ya koma ja, ya koma garau kamar shayi. Ta ɗiba a cokali ta ba ni. Zaƙi. Can baya akwai ɗan ƙauri.

"Zai fita?"

"Ba zai fita duka ba. Amma za a sha."

"Za a ce hayaƙin murhu ne," in ji Birkha. "Wanda ya ce ba haka ba, ya zo ya same ni."

Kukan injin ya sauka, ya zama gurnani mai laushi, ba yankewa.

"Yawwa," in ji Pabitra a hankali. "Wannan ce muryarsa in yana lafiya. A nan ɗanku yake zama ya saurara. In kun buga bango sai ya yi dariya, ya ce tsoho na gaishe mu."

Na zauna a wurin. Kujerar ta yi mini gajarta. Birkha ya tattara tsumman matashinsa ya fita. Na rufe ido. In mutum bai duba ba, sai ya ce Muksam yana ɗakin, ya sunkuya a kan tukunya, zai ɗago ya ce Baba ɗanɗana.

Rana ta hau tsaka.

"Baba, ya yi. A kashe, a tace."

"Bar shi kaɗan."

Ta bari.

"Baba, in ya wuce haka lalacewa zai yi."

"Akwai sauran tsiro?"

Ta san na sani. "Babu."

Ta miƙa hannu wajen makunnin. Na ce ta bari. Na tashi, na kashe hita tukuna, yadda na ga ta yi. Sannan na ɗora yatsa a kan makunnin injin. Na daɗe a haka.

Na danna.

Ruwan da ya rage a tiyo ya koma ƙasa. Daga waje na ji awaki, na ji kogi. Bangon yana nan kusa da hannuna.

"Kawo tukunyar tafasa, 'yata," na ce.