Watanni Talatin da Shida na Saja Mika'ilu

Saja Mika'ilu yana da kwalabe uku a kan firij ɗinsa a Bur Dubai, kowacce cike da yashin wata hamada da ya ce ya yi yaƙi a cikinta. Duk baƙon da ya shigo sai an sauko masa da su ya sansana. 'Yarsa ta fari, Murjanatu, ta sansana sau ɗaya, ta ji duka ukun ƙanshin yajin da ya taɓa zama a cikinsu suke yi. Ta dai mayar da su kan firij.

Mutumin Funtuwa ne. Ya ci cacar biza ya tafi Amurka, ya shiga soja a can, ya shekara goma sha shida yana tsaron tayoyi da katifu a sito. Da ya tuɓe kaki sai ya samu aikin shugaban masu gadi a wasu ɗakunan ajiya a unguwar Al Warsan a nan Dubai. Abin kirki ɗaya da ya fito da shi daga sojan shi ne wata dama da ake ba su: watanni talatin da shida na karatun jami'a, a ɗauke maka nauyinsa, ko ka juya wa matarka ko 'ya'yanka.

Wannan dama ita ce rawaninsa. Kowace Asabar yakan hau abra, ƙaramin jirgin fito, ya haye zuwa Deira, ya zauna a shagon aika kaya na Alhaji Ado a Murshid Bazaar, inda 'yan Arewa ke taruwa, ya bugi ƙirji ya ce, "Karatun yarinyar nan yana aljihuna. Khalas, magana ta ƙare."

Yarinyar nan. Bai taɓa kiran sunanta ba, don 'yar fari ce. Ana yaye ta aka miƙa wa wansa Mijinyawa riƙo, ta tashi a Funtuwa tana kiran Mijinyawa Baba, tana kiran mahaifinta Baffa. Sai da Mijinyawa ya rasu aka kawo ta Dubai tana da shekara goma sha biyar. Ta yi karatu kamar ana korarta. Wata ƙaramar kwaleji a nan Dubai ta ba ta gurbi kyauta, Saja ya ce a bar wa marayu, tasa 'yar Amurka za ta. Ta saki wancan, ta nemi jami'ar Amurka, aka ɗauke ta karatun injiniya. Abu ɗaya ya rage: kafin Alhamis ta aika takardar da ke nuna damar tana kan sunanta.

Ranar Lahadi da hantsi ta ajiye kwamfuta a gabansa. Lambar sirrin ma sai da aka yi rabin awa ana nema, aka same ta rubuce a cikin hular sojansa. Shafin sojan ya buɗe, ga sunayen waɗanda ya juya wa damar. Sa'adiya, mahaifiyarta, watanni goma sha takwas. Wasila, ƙanwarta 'yar shekara tara, watanni goma sha takwas. Murjanatu ta ja shafin ƙasa, ta ja shi sama.

"Baffa, ban ga sunana ba."

"To a ƙara mana. Yalla, maza danna."

"Ba a ƙara suna bayan an tuɓe kaki. Ga shi nan da manyan baƙaƙe. Da ko wata ɗaya ka sa mini, da yanzu sai ka juyo sauran. Ba su gaya maka ba?"

Ya sosa ƙeya. "An yi mana wata lacca. Mutumin ya cika surutu."

"Amma ka rubuta Wasila tana cikin zanen goyo."

"Wannan ai tawa ce."

Murjanatu ta dube shi. Shi kuwa ya gyara zama irin na wanda zai koya wa yaro ladabi.

"A lokacin Yaya Mijinyawa yana raye. In ba shi 'ya a gaban dangi, sannan in zagaya in rubuta wa Turawa cewa tawa ce? Ka yi kyauta ka bi ta bayan gida ka karɓe?"

"Baba bai iya karatun boko ba, Baffa. Ko wutar lantarki babu a ɗakinsa. Ta ina zai gani?"

"Ni ai zan gani. Kuma ga wani ɗan Kano a kujerar kusa da ni yana leƙe. In ɗauki hannuna in rubuta sunan 'yar fari? Ina kunya ta tafi?"

Sa'adiya ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. Ita ma ba ta kiran sunan, ba ta ma cika duban fuskar ba. Bango ta yi wa magana. "Ni da na tsaya a aji huɗu, me zan yi da wata goma sha takwas? A ba ta nawa."

"Ba ya juyowa, Inna."

"To a dafa mini shi in ci."

Litinin da yamma Saja ya buga waya ofishin da ke kula da al'amarin. Ya sa hular soja, ya miƙe tsaye ƙam a tsakiyar falo, duga-dugai a haɗe, kamar matar da ta ɗauki wayar tana ganinsa ta rami. Ya faɗi lambarsa da muƙaminsa, ya bayyana mata mene ne riƙo, ya bayyana mata kunyar ɗan fari, har ya soma ba ta tarihin Funtuwa. Matar ta saurara da haƙuri, ta gode masa da hidimar da ya yi, ta ce ba zai yiwu ba. Ya sara wa wayar kafin ya kashe.

Talata ya dawo da shawarar abokan aikinsa masu gadi. Wai Murjanatu ta tafi a matsayin Wasila, tunda Turawa ba sa bambance fuskokinmu.

"Shekararta tara, Baffa."

"Sai a ce ta yi saurin girma."

Ta kira ƙaramar kwalejin nan, aka ce gurbin ya tafi tun bara, ta sake nema baɗi tare da kowa. Laraba da safe ta rubuta wa jami'ar layi uku, ta ce ba za ta samu zuwa ba. Ta karanta sau biyu, ta aika, ta wanke fuska.

Ranar Asabar ta hau abra ɗaya da mahaifinta, shi a wannan gefe ita a wancan. Wata mage mai kunne ɗaya ta bi su ta haye, ba wanda ya tambaye ta inda za ta. A shagon Alhaji Ado an cika, ana ɗaure katan-katan na turare da takalma da za su Kano.

"Alhaji, an ce kana neman mai haɗa kaya," in ji Murjanatu.

Ado ya sauke tabarau. "Ke da za ki Amurka, 'yar Saja? Ko aljihun ne ya huje?"

Ta ba su labarin yadda yake, ba ƙari ba ragi, muryarta a kwance. Ta zaci za a yi dariya, ko wani ya ce masa kash. Sai wani dattijo mai sayar da agogo ya girgiza kai a hankali.

"Kai, Saja, ashe har yanzu akwai masu kara. A ƙasar Turawa, ba mai ganinka, ka riƙe zumunci haka?"

"Wallahi ɗan halak ne," in ji wani. "Yaran yanzu ina za su san wannan?"

Kafaɗun Saja, da suka kwana biyar a zube, suka soma tashi. "Ai ba wanda zai ce na ci amanar Yaya," ya ce. Aka aika a kawo masa shayi mai madara, Ado ya matsa masa kujera mai katifa.

Ado ya tuna da ita, ya miƙo mata salatif da almakashi. "Habibti, 'yata, fara da na bakin ƙofa. Kwantena za ta tashi Litinin."

Murjanatu ta naɗe hannun abayarta, ta jawo katan na farko. A bayanta Saja ya soma ba su labarin ɗan Kanon da ke leƙe, ana ta gyaɗa kai.