Sobiyar Hajja Sadiyya

Hindatu ta danna gorar robar da babban yatsa, ta ji ta ƙam kamar dutse. Ta janyo ta biyu daga ƙarƙashin gadon, ita ma haka.

A bisa gadon kuwa maƙwabciyarta ce, Hajja Sadiyya, an rufe ta da mayafi, ko awa ɗaya ba ta yi da cikawa ba. Shekara talatin tana jiƙa sha'ir ta yi sobiya, abin sha na buɗa-baki, duk azumi, kaf unguwar Bani Malik ba gidan da bai sha ta hannunta ba. Ita ta koya wa Hindatu gwajin: in gora ta lotsa, halas, a sha. In ta ƙi lotsawa ta wuce kwanakinta, ta kama hanyar zama giya. To ga shi kwana shida tana kwance, tana ta faɗin "gorunan nan, gorunan nan", kowa ya ɗauka zafin zazzaɓi ne. Kaico!

Tahani, 'yar marigayiyar, ta leƙo da jajayen idanu. Khala take ce wa Hindatu, wato inna da Larabci.

"Khala, shurɗa suna hanya, 'yan sanda da likita. Sai sun duba ɗaki kafin a ba da takardar binnewa."

"Zo ki taɓa nan."

Tahani ta taɓa, ta ja hannu da sauri. "Ya Rabbi! Za su ce ummi tana yin khamar, tana yin giya?"

"Ba mai faɗin haka ina raye. Rufe ƙofa."

Faɗa dai ta yi. Ita da ta zo daga Kano kan kwangilar jinya, a same ta rungume da abu mai warin giya ai iƙama, takardar zamanta, ta tafi, sai jirgin komawa gida. Sai dai a bar tsohuwa mai sallah ta shiga kabari da wannan suna? Ina!

Goruna tara ta kwasa zuwa banɗaki, ta saki famfo. Ta murɗa murfin farko a hankali, ya yi tsaki, kumfa ta tumbatso har gwiwar hannunta, tsami ya cika mata hanci. Ɗanɗanawa babu hali, bakinta da azumi. Ta tuttular, ta kama ta gaba. Tana kan ta bakwai aka buga ƙofa.

"Yalla, Khala!" in ji Tahani ƙasa-ƙasa.

Ta juye ta takwas, ta sheƙa ruwan sabulu. Ta taran ce a hannunta ɗan sandan ya tsaya a bakin banɗakin, yana shinshina iska.

"Esh hada?" ya tambaya da Larabci, wato mene ne wannan, yana nuna gorar.

"Sobiya ce. Ta marigayiya."

Ya miƙo hannu. Hindatu ta ba shi, tana salati a zuci, don wannan kam ba ta gwada ba. Ya juya ta, ya danna. Gorar ta lotsa. Ashe ita ce ta ƙarshe da tsohuwar ta cika, iska duk ta fice, don ba ta ɗaure murfin sosai ba, hannu ya riga ya yi rauni.

"Allah yarhamha," ya ce, wato Allah ya jiƙanta, ya mayar mata, ya bi likita ciki.

Bayan la'asar aka kai Hajja Sadiyya, masallaci cike. Hindatu ba ta yi kuka ba sai da aka kira magariba, tana zaune a ƙofar ɗakin da babu kowa, dabino uku a tafin hannunta, ta kasa kai ko ɗaya baki.