Gashin da Salwa Ta Kwana Tana Gadi

Ana gobe bikin ƙawarta, Salwa 'yar Malam Jumare ta je shagon Ogochukwu a Kongo aka manna mata gashin kanti mai santsi, har gadon baya. Ogochukwu ta kafa mata sharaɗi: ta taje shi a hankali, ta yi masa kalba biyu, ta ɗaure da ɗankwalin siliki, kuma kada ta kuskura ta yi birgima a kan filo.

Salwa kuwa barcinta kamar kokawa ne. Don haka ta jingina da bango ta kwana a zaune, fanka a kashe duk da zafin Tudun Wada, wai kada iska ta hargitsa mata kaya.

Da safe gashi ya fito sumul, ko sili bai tashi ba. Wuya ne dai ya ƙage.

A gidan biki ta tarar da Anti Saudatu, yayar amarya, tana ɗaura wa ƙawaye gwaggwaron anko.

"Anti, don Allah a bar na gaban goshi ya ɗan leƙo," in ji Salwa.

"A gaban dangin ango? Malamai ne fa. Zauna."

Ta tattare gashin, ta cusa, ta naɗe har kunne.

Haka Salwa ta wuni a sandare. Babu wanda ya ga gashin. Labarin da ya zaga gidan biki kawai shi ne, wai 'yar Malam Jumare yanzu ko an gaishe ta ba ta waiwayowa.