Jar Takardar Malam Geng

Shekara talatin Malam Geng yana koya wa yara kimiyya, yana yi wa masu camfi dariya har da riƙe ciki. Sai ga jikansa Doudou, ɗan wata biyar, ya kwana ashirin yana tsala kuka.

"Baba, na gaji," in ji 'yarsa Shufen, idanunta sun yi luhu-luhu. "Ranar Lahadi zan kai shi ƙauye wurin iyayen babansa, su riƙe shi."

Ƙauyen kwana biyu ne a jirgin ƙasa. Gaban Malam ya faɗi, don tun rasuwar matarsa yaron nan ne kaɗai abin da ke tashinsa daga kujera.

Washegari babban masanin namu ya sayo jar takarda, irin wadda tsofaffi ke mannawa a bakin hanya. Ya rubuta cewa akwai mai kukan dare a gidansu, duk mai wucewa ya karanta sau uku don yaro ya samu barci. Ya manna a jikin falwaya, ya tsaya gefe yana gadi cikin zafin bazara. Kowa ya wuce kansa a sunkuye kan waya.

Gwaggo Pang mai taliya ce kaɗai ta tsaya. Ta karanta sau uku da ƙarfi, yadda duk layin zai ji.

"Sannu da kimiyya, Malam! A wane aji ake koyar da wannan?"

"Ke dai kin karanta, wuce."

"Ina zan wuce? Jikoki huɗu na rena. Mu je in ga yaron."

A gida ta ɗaga rigar Doudou. Bayansa duk ƙurajen zafi, jajir.

"Shufen, dafa shi kike yi? Da me yake kwana?"

"Zani ɗaya, Gwaggo, mara nauyi. Amma kullum in na farka sai in tarar da bargon auduga a kansa, taga a rufe. Na ɗauka ni ce nake yi cikin magagi."

Malam Geng ya shiga goge tabaransa da bakin riga, ya goge, ya sake gogewa.

"Iska tana shiga ƙashin jariri," ya ce wa Shufen a hankali. "Haka mahaifiyarki take cewa. Ke ma haka muka lulluɓe ki."

"To, Shufen ɗin ma haka ta hana unguwa barci," in ji Gwaggo Pang. "Ina nan, ban manta ba."

Shufen ta juya ga mahaifinta.

"Doudou zai zauna, Baba. Amma daga yau in mun kwanta zan sa wa ƙofar sakata."

Daren nan Doudou ya yi barci har rana ta fito. Malam Geng kuwa a bakin ƙofa ya kwana zaune, yana kasa kunne ko za a yi ɗan kukan da zai sa a buɗe masa.